Yadda makiyayi zai nemi tallafin gwamnati idan wuta, ambaliya ko fari ta cinye masa wurin kiwo

Idan ambaliya ta ci gari a ƙasar Gombe, jami'an da ke zuwa duba ɓarna ɗakuna suke fara ƙirgawa, sannan gonaki, sannan buhunan hatsin da suka jiƙe a rumbu. Haka ma in gobara ce. Wanda ba a cika ganin sunansa a takardar ba shi ne makiyayin da fadamar da yake kiwo ta yi wata guda a ƙarƙashin ruwa, ko wanda wutar daji ta lashe ciyawar da yake sa ran za ta kai shi bazara. Bukkarsa tana nan, shanunsa suna tsaye, don haka a ido bai rasa komai ba. Tasa asarar sai bayan wata biyu ko uku take fitowa, lokacin da nono ya ƙafe, saniya ta kwanta ta kasa tashi, ya fara jan karsana zuwa kasuwar Dukku ko ta Kumo yana sayarwa da araha don ya sayi dusa. A lokacin kuwa an daɗe da rufe rajista.

Ni ɗan gidan kiwo ne. Aikin koyarwa ya zaunar da ni a gari, kuma da yake ina iya rubutu sai dangi suka mai da ni magatakardansu. Abin da na gani a shekarun da na yi ina rubuta wa arɗonmu takardu shi ne, wanda ya kai rahoto da shaida a kan lokaci shi ake sa wa suna, ko da wani ya ninka shi asara. Saboda haka nake rubuta wannan, don yaron da ya yi makaranta a ruga, ko malamin da ake kawo wa rubutu, ya san inda zai fara.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Ƙofa ta farko ita ce ta agajin gaggawa. Tana farawa daga ƙaramar hukuma, ta je hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, sannan ta tarayya, NEMA, wadda aka kafa a 1999 kuma tana da ofishi a garin Gombe. Abin da ya saba fitowa ta nan kaya ne: hatsi, kwanon rufi, siminti, tabarma, wani lokaci iri da taki. Akan saki kuɗi ma idan bala'in ya yi girma. A ambaliyar 2012 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 17.6, a 2024 kuma ta amince a ba kowace jiha naira biliyan 3. Amma irin wannan kuɗi hannun gwamnatin jiha yake shiga, ita kuma da jerin sunayen da aka tattaro daga ƙananan hukumomi take aiki. Duk wahalar da zan sa ka a matakan da ke tafe, manufarta sunanka ya shiga wannan jerin, kuma a rubuta cewa abin da kake buƙata abincin dabbobi ne.

Ƙofa ta biyu ta harkar kiwo ce. A 2024 aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, akwai kuma shirin tallafa wa kiwo na L-PRES da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 500 a 2022, da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Waɗannan aikinsu shuka ciyawa, haƙa mashaya, rigakafi da kayan sarrafa abincin dabbobi, kuma da ƙungiyoyi masu rajista suka fi hulɗa.

Ta uku ita ce hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, wato NAIC, wadda zan koma kanta a ƙarshe.

Yana da kyau a san yadda wasu ƙasashe ke yi, don mu san abin da muke roƙo ba baƙon abu ba ne. A Amurka ma'aikatar gona tana da tsari na dindindin, wanda dokar noma ta 2014 ta tabbatar, na biyan makiyayan da fari ya hana dabbobinsu ciyawa. Kowane mako ana fitar da taswirar da ke nuna tsananin fari gunduma-gunduma. Idan gundumar mutum ta kai matakin da doka ta yanka, ana biyansa kashi 60 cikin ɗari na kuɗin abincin dabbobinsa na wata, daga wata ɗaya har zuwa biyar gwargwadon tsananin farin. To amma ko a can, sai wanda ya riga ya yi rajistar filin kiwonsa, kuma ya nuna cewa dabbobin suna hannunsa cikin kwana 60 kafin farin. A Kenya ma a 2015 gwamnati ta fara biya wa makiyayan arewacin ƙasar inshorar da ke duba koren ƙasa ta tauraron ɗan'adam, in ciyawa ta ragu a tura musu kuɗi. Ko'ina ka duba, rubutaccen suna da rubutaccen adadi ne ginshiƙin biyan.

Mataki na farko: tun kafin komai ya faru

Na san yadda ƙirga shanu yake da nauyi a wurin iyayenmu. Wasu na gudun baki, wasu kuma tsoron jangali bai bar zuciyarsu ba har yau. Ban raina wannan ba. Amma littafin garke ba sai kowa ya gani ba. Sayi littafi mai kauri irin na 'yan makaranta, ka rubuta bijimai nawa, shanun tatsa nawa, karsana nawa, maruƙa nawa, tumaki da awaki nawa. Ka sa kwanan wata. Ka sabunta sau biyu a shekara, da kaka da kuma farkon damina. Idan akwai shanun amana na wani ɗan kasuwa ko ma'aikaci a cikin garken, a rubuta su daban da sunan mai su. Haka dabbobin mata: akuyar Inna da tunkiyar amarya kowace a gaban sunan mai ita, domin ranar tantancewa mace mai awaki goma tana da haƙƙin a rubuta ta a matsayin wadda ta yi asara, ba a cusa ta ƙarƙashin sunan mai gida ba.

Duk lokacin da malaman dabbobi suka zo rigakafin ciwon huhu ko na harbin daji, ka roƙi su rubuta maka adadin da suka yi wa allura, su sa hannu. Wannan 'yar takardar ta fi rantsuwar mutum goma ƙarfi a gaban jami'i, domin ma'aikacin gwamnati ne ya ƙirga.

Sai takardun kanka. Ka yi lambar zama ɗan ƙasa, NIN. Ka buɗe asusun banki da sunanka, ka samu BVN, kuma layin wayar da aka haɗa da su ya zama naka, yana hannunka. Ka duba sunan ya zama iri ɗaya a ko'ina. Na sha ganin an mayar da mutum saboda a kati an rubuta Muhammadu, a banki kuma Mamman. Gyaran wannan kan ɗauki makonni, don haka a yi shi lokacin da hankali ke kwance.

Abu na gaba shi ne ka san matsayin ƙasar da kake kiwo a kai. Gandun kiwo na gwamnati ne irin Wawa-Zange da ke tsakanin Dukku da Funakaye? Hurumin gari ne? Burtali ne? Ko kuwa karan gona ne ka saya daga manomi bayan girbi? Na ƙarshen nan shi ya fi sauƙin tabbatarwa idan ya ƙone, amma da sharaɗi: ranar ciniki a rubuta a takarda cewa wane ya sayar wa wane karan dawa da harawar gonarsa a kan kaza, mai unguwa ko shaidu biyu su sa hannu. Minti biyar ne aikin.

In rugarku ba ta da ƙungiya mai rajista, ku haɗu ku yi ta gama kai a ofishin da ke kula da ƙungiyoyi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Wanda ke cikin Miyetti Allah ya tabbata shugaban reshensu ya san rugarsa da yawan gidajenta.

Mataki na biyu: ranar da abin ya faru

Rai ne gaba. A fitar da yara da tsofaffi, a kora dabbobi kan tudu ko bayan iska. Idan wannan ya kammala, sai a shiga tara shaida tun toka na da zafi, tun ruwa bai janye ba.

A ɗauki hoto da bidiyo da wayar da ke nuna kwanan wata. Kada a tsaya kan baƙar ƙasa kawai, domin baƙar ƙasa ko'ina iri ɗaya ce. A sa wata alama da kowa ya sani a cikin hoton: kukar bakin hanya, dutsen iyaka, rijiyar burtsatse, makarantar 'ya'yan makiyaya. Mai ɗaukar bidiyon ya yi magana da bakinsa, ya faɗi ranar, sunan wurin, gunduma da ƙaramar hukuma. In ambaliya ce, a kafa sanda a bakin ruwa, a riƙa ɗaukarta duk bayan kwana biyu ko uku, don a nuna tsawon kwanakin da fadamar ta yi a nutse. Ciyawar da ruwa ya kwana biyu a kanta takan farfaɗo, wadda ta yi makonni kuwa ruɓewa take yi, kuma wannan bambancin shi ne hujjarka. Idan akwai rumfar harawa ko tarin kara da ya ƙone, a ɗauki ragowar kafin iska ta kwashe. A tura hotunan zuwa wayar wani ɗan'uwa ta WhatsApp a ranar, saboda waya takan faɗa ruwa ko ta ɓata.

Dabbar da ta mutu, a ɗauke ta hoto ta yadda za a ga shaidar kunne ko ta wuta, a kira malamin dabbobi ya gani kafin a binne. Wadda aka samu damar yankawa, a rubuta nawa mahauci ya saya, domin bambancin kuɗinta tana da rai da kuɗin namanta shi ma asara ne. Gargaɗi ɗaya a nan: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. Alamar ciwon saifa ce, yana kama mutum, kuma yakan ɓulla bayan ruwa ya tono ƙasa.

Me ya sa nake nanata kiran jami'i da wuri? A 2006, da murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya, gwamnati ta biya naira 250 kan kowace kaza, amma kajin da jami'ai suka ƙirga suka kashe da hannunsu. Waɗanda suka mutu kafin a kai rahoto ba su shiga lissafi ba.

Mataki na uku: kai rahoto ta tsani

Kada ka tsallake na ƙasa ka tafi Gombe kai tsaye, za a maido ka. Ka fara da arɗo. Ku je wurin jauro ko mai unguwa, shi ya kai ku wurin dagaci, dagaci ya kai maganar gaban hakimi. Daga nan sai sakatariyar ƙaramar hukuma, inda za ku nemi shugaban sashen gona da jami'in da ke kula da agajin gaggawa. Shawarata duk wannan ya kammala cikin kwana uku. Jami'an jiha idan za su fito duba ɓarna, wuraren da ƙaramar hukuma ta ba su suna suke zuwa.

Akwai shekarar da wuta ta cinye dajin da rugarmu ke kiwo da sanyin hunturu. Na ce wa arɗo, "Baffa, mu je wurin dagaci gobe da safe." Ya ce, "Malam, bari mu samar wa shanun nan wurin kwana tukuna, takarda ba ta gudu." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, domin garke ba ya jira. Sai da muka yi kusan mako uku kafin mu kai rahoto. Muka tarar an riga an zo an duba ƙauyen da ke kusa da mu, an rubuta manoman da amfaninsu ya ƙone a masussuka, an tafi. Babu wanda ya zalunce mu, ba mu je ba ne. Tun daga ranar muka raba aiki: matasa su tafi da shanu, dattijo ɗaya da mai rubutu ɗaya su bi takarda.

Idan kana zargin wani ne ya saka wutar, mafarauta ne ko masu gawayi ko wani manomi, wannan magana ce daban, ta hakimi ce ko ta 'yan sanda. Kada ka haɗa ta da takardar neman tallafi. Da zarar sunan wani ya shiga, takardar ta koma ƙara, kuma jami'in agaji ba alƙali ba ne, zai ajiye ta ne har a gama shari'a.

Mataki na huɗu: mayar da ciyawa lissafi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu ke faɗuwa. In ka ce wa jami'i "daji duk ya ƙone", ba shi da gurbin da zai rubuta wannan a fom ɗinsa. Yana son girman fili, yawan dabbobi, yawan kwanaki, da kuɗi.

Fara da fili. Hekta ɗaya ita ce mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Takun babban mutum 130 zuwa 140 yakan kai mita 100. In filin ƙarami ne, a taka tsawonsa da faɗinsa. In babba ne, akwai manhajojin awon gona a waya: mutum ya hau babur ya zagaye iyakar inda wutar ta tsaya, manhajar ta ba shi adadin hekta. Malaman gona da yawa sun iya, ka roƙi ɗaya ya raka ka, sa hannunsa ma ƙarin shaida ne.

Sai abincin da aka rasa. Masana kiwo suna lissafin cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kimanin kilo 6 a rana, kuma tumaki ko awaki goma suna daidai da saniya ɗaya. Maruƙa biyu ka ɗauke su a matsayin babba ɗaya. Ga misali da garken da na ƙirƙira don bayani: manyan shanu 30, maruƙa 10, tumaki da awaki 50. Maruƙan sun zama 5, ƙananan dabbobin sun zama 5, jimla 40. Arba'in sau kilo 6 ya ba da kilo 240 a rana. Idan wutar ta tashi a ƙarshen Disamba, kuma sabuwar ciyawa ba za ta kama baki ba sai wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, kwana 150 ke nan. Kilo 240 sau 150 ya zama kilo 36,000, wato tan 36.

Yanzu sai gaskiya ta shigo. Wannan filin shi kaɗai ne yake ciyar da garken? In rabin abincinsu daga can yake fitowa, sauran daga karan gonaki da ganyen itatuwa da 'ya'yan gawo, to tan 18 za ka rubuta. Jami'in da ya san aikinsa zai yi wannan tambayar, kuma in ya kama ka da ƙari a abu ɗaya, ya daina yarda da sauran, har da na maƙwabtanka masu gaskiya.

Daga nan ka shiga kasuwa a makon, ka tambayi kuɗin buhun dusa, buhun ƙowa, damin harawa da abincin angurya. Ka rubuta farashin da sunan kasuwar da ranar. Duk abin da ka saya daga yau, ka karɓi rasit, ko mai sayarwa ya rubuta a littafinka. Ka sa kuɗin motar da ta ɗauko abincin, da na ruwa in saye kake yi. Nonon da ya ragu ma a rubuta: ƙwarya nawa matan gida ke kaiwa kasuwa kafin abin ya faru, nawa suke kaiwa yanzu. Su suka fi kowa sanin wannan adadin, a tambaye su.

Mataki na biyar: takardar

Ta zama gajera, shafi ɗaya, da sunan jama'ar ruga baki ɗaya. Takardar gidaje ashirin ta fi takardu ashirin na ɗaiɗaiku nauyi. Ga yadda nake tsara ta:

"Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun Mai Girma Hakimi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu makiyayan rugar ... da ke gundumar ... muna sanar da kai cewa ranar ... wutar daji ta ƙone wurin kiwonmu mai girman hekta ... Abin ya shafi gidaje ... masu shanu ... da tumaki da awaki ... Mun rasa dabbobi ... da damin harawa ... Bisa lissafinmu muna buƙatar abincin dabbobi tan ... kafin faɗuwar damina. Muna roƙon a turo jami'ai su gani da idonsu, a sa mu cikin rahoton da za a aika wa hukumar agajin gaggawa ta jiha da ma'aikatar da ke kula da dabbobi, kuma a taimaka mana da dusa, abincin angurya, maganin tsutsa da ruwan sha. Mun haɗa da jerin sunaye da hotuna. Allah ya ƙara girma."

A ƙasa arɗo ya sa hannu ko ya dangwala, dagaci ya buga hatimi. A shafi na biyu a jera sunan kowane mai dabbobi, lambar wayarsa, NIN ɗinsa, da adadin dabbobinsa. In akwai wanda zai juya takardar zuwa Turanci, a haɗa biyun. A yi kwafi huɗu: na hakimi, na sakatariya, na SEMA, da naku. A kan naku, duk ofishin da kuka kai, ku roƙi magatakarda ya buga hatimin karɓa ya sa kwanan wata. Kada ku fita ba tare da wannan ba, ko da za ku zauna a benci har azahar.

Mataki na shida: ranar da jami'ai suka zo

Sukan zo da gaggawa, da wurare da yawa a gabansu, kuma galibi a ƙofar gidan dagaci suke tsayawa. Ruga kuwa tana can cikin daji. Don haka ku bar lambar mutum biyu a wurin dagaci, ku tanadi babur da zai kai jami'i wurin da abin ya faru. Kowa ya zo da katinsa da kansa, mata ma haka. Wanda ya tafi da shanu nesa, a kira shi a waya a gaban jami'in, a nuna littafinsa. In akwai dattijon da Hausa ba ta zauna masa ba, a samu mai fassara daga Fulatanci wanda ruga ta yarda da shi.

Kafin su tashi, ku roƙi a karanta muku abin da aka rubuta. Ku kula da gurbin sana'a da gurbin irin asara. Idan aka rubuta ka a matsayin manomi, ranar rabo iri da taki za a miƙo maka, alhali dusa kake nema. In kana noma kana kiwo, a rubuta duka biyun.

Mataki na bakwai: bibiya da karɓa

Bayan mako biyu wakilinku ya koma sakatariya da kwafin nan mai hatimi, ya tambaya cikin ladabi ko rahoton ya wuce jiha. Ku sanar da kansilan mazaɓarku da ɗan majalisar jiha, ku ba su kwafi. Tallafi yakan ɗauki watanni, kuma yakan zo ƙasa da abin da aka rasa. Wannan ya sa nake roƙon kowa kada ya jingina rayuwar garkensa da shi.

A wannan tsakanin ne 'yan damfara ke fitowa. Wani zai kira ya ce sunanka ya fito, ka turo kuɗin fom, ko ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka. Fom ɗin agajin gwamnati ba a sayar da shi, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka. Kashe wayar, ka tambayi dagaci. In kuma wani ya nemi a ba shi kaso kafin ya sa suna, ko aka ga sunayen waɗanda ba su da ko kaza sun maye gurbin naku, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a da ke da ofishi a kowace jiha kuma ba a biyan ko kwabo, akwai kuma hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC. Kwafinku mai hatimi da hotunanku su ne abin da za ku shiga da su.

Ranar rabo ka ƙirga abin da aka ba ka kafin ka dangwala. Kada ka sa hannu a kan buhu biyar ka tafi da uku.

Idan fari ne

Fari ya fi wuta da ruwa wuyar tabbatarwa, domin ba shi da ranar da za a ce yau ya faru. Abin yi shi ne rubutu tun farkon damina: ranar da aka yi ruwan farko, duk ranar da aka yi ruwa bayan nan, da tsawon kwanakin da sama ta ɗauke. A zaɓi wuri ɗaya a makiyaya a riƙa ɗaukarsa hoto duk wata daga kusurwa ɗaya, mutum na tsaye a ciki, don a ga inda gamba da kyasuwa suka kai a jikinsa. A rubuta ranar da tafki ya ƙafe bana da ranar da ya saba ƙafewa. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara har da wuraren da ake sa ran ruwa zai yi tsaiko, kuma ana karanta shi a rediyo. In yankinku na ciki, ku ambata a takardarku. Rahoton fari sai an haɗa kai: rugage da yawa, tare da manoman da gero ya ƙone musu, a kai wa hakimi da murya ɗaya tun watan Satumba ko Oktoba, kafin shanu su fara zubewa.

Kafin tallafi ya iso

Ka rage garke tun dabbobin na da nama a jiki. Tsohuwar saniya da bijimin da ba ya aiki, in aka sayar da su a Disamba, kuɗinsu zai ciyar da masu ciki da masu shayarwa. A watan Afrilu dillali ne zai yanka maka farashin da ya ga dama. Ka sayi harawa da ƙowa da kaka lokacin da suke da sauƙi, ka ɗora a rumfa nesa da bukkoki, ka share ciyawar da ke kewaye da ita. Bayan ambaliya kada a yi saurin mayar da shanu fadama, domin a irin wannan jiƙaƙƙen wuri ne ciwon hanta ke yaɗuwa, a nemi malamin dabbobi ya ba da magani. Kuma duk tsananin yunwa a kiyaye gonar da ba a kwashe ba. Diyyar ɓarna guda ɗaya tana iya cinye abin da ya fi tallafin da ake jira.

Maganar inshora: NAIC tana karɓar inshorar shanu, tumaki da awaki, kuma a tsarinta gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin da ake biya. Abin da take biya shi ne mutuwar dabba ta dalilin cuta, haɗari, gobara, tsawa ko ambaliya, don haka ba za ta biya ka ciyawar da ta ƙone ba. Sai an shiga tun dabbobin na lafiya, likita ya duba su, a sa musu shaida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba ta fuskar addini ya tambayi malaminsa, ya kuma bincika tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, domin akwai kamfanonin da ke yinsa a ƙasar nan. In za ku shiga, ku je a ƙungiyance, ku sa a karanta muku sharuɗɗan da Hausa, musamman wa'adin kai rahoto idan dabba ta mutu, ku rubuta wa'adin da lambar wayar jami'in a bangon littafin garke.